Tayil ya ɗaga daɓe, ƙyauren ɗaki ya ƙi komawa: yaya ake rage shi da zarton lantarki?

Abban_Sabuwar_Unguwa:
Assalamu alaikum. Masu sana'ar katako na wannan zaure, shawara nake nema. An shimfiɗa tayil a gida nan cikin Katsina, daɓen ya tashi da kusan milimita 35 in an haɗa da simintin da ke ƙarƙashi. Ƙyaure biyar aka cire kafin a fara aikin, yanzu ko ɗaya bai komawa. Uku irin marasa nauyin nan ne masu fuskar filawud, biyu kuma na katako zalla masu fanel, wato allunan da aka saka tsakanin sanduna. Kaurinsu duka milimita 40. Firam na ƙarfe ne, hinji a walde suke. Akwai zarton lantarki na hannu mai faifai milimita 185, haƙora 24. Ta sama ake ragewa ko ta ƙasa? Nawa za a iya cirewa ba a lalata ƙyaure ba? Kuma yaya ake hana filawud tsagewa a bakin yanka? Ɗaya daga cikin na katakon kuma yana cije firam ta gefen makulli, tun kafin tayil.

Kafinta_Ƙofar_Ƙaura:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ta ƙasa kawai. Tunda hinji a walde suke jikin firam, gurbinsu da gurbin makulli ba su motsawa. In ka taɓa sama, giɓi zai buɗe tsakanin ƙyaure da kan firam, ƙasa kuma tana nan tana tokarar tayil. Daɓe ne ya taso, don haka ƙasan ƙyaure ce za ta ba shi wuri.

Kada ka ɗauki 35 ɗin nan ka yanke duka biyar da ita. Kowace ƙofa da awonta. Ka auna daga cikin kan firam zuwa tayil a gefen hinji, ka sake a gefen makulli. A ce ka samu 2,062 da 2,058. Cire milimita 3 na giɓin sama, cire 10 na giɓin ƙasa. Ya zama 2,049 a gefen hinji, 2,045 a gefen makulli. Daga saman ƙyaure za ka auno su ka sa alama, sannan ka haɗa alamomin biyu da layi. Layin zai ɗan karkace, haka ake so, domin daɓen yake bi.

Mai_Lebur_Daura:
Oga Kafinta ya faɗi gaskiya, amma akwai awo na uku da ake yawan tsallakewa. Ƙyaure ba a rufe kawai yake rayuwa ba, yana sharar daɓe in an buɗe shi. Mai tayil kan ba daɓe gangara zuwa bakin ƙofa saboda ruwan guga, wato cikin ɗaki ya fi dokin ƙofa tudu. Sai ka ga ƙyaure ya rufu lafiya, amma yana kaiwa rabin buɗewa kusurwar makulli ta cije. Ka ɗora dogon lebur, ma'aunin nan mai ɗigon ruwa, daga gindin hinji zuwa inda bakin ƙyaure zai tsaya in ya buɗe sosai, ka duba tsakiyar hanya ma. Wurin da ya fi tudu, daga nan ake lissafin giɓin 10.

Ɗan_Rafindaɗi:
Goma ba ta yi yawa ba? A garin nan da hunturu ƙura ke shigowa ta ko'ina, ga kunama da damina. Ni 6 nike bari.

Kafinta_Ƙofar_Ƙaura:
Shida tana yi in tayil ne tsirara kuma daɓen ya kwanta sumul. In za a shimfiɗa leda, 10. In kafet ne mai kauri, a auna kaurinsa a ƙara 5 a kai. Na banɗaki 12 zuwa 15, don kada ƙasan ƙyaure ta riƙa shan ruwa, kuma iska ta samu hanya. Maganin ƙura robar da ake ɗaurawa a ƙasan ƙyaure ce, ba matse giɓi ba. Amma dai gara a fara da ragewa kaɗan, in bai isa ba a ƙara. Wanda aka yanke ba ya komawa.

Usta_Filawud:
Ku dakata da batun giɓi, babbar matsalar Alhaji tana cikin ukun nan marasa nauyi. Cikinsu kogo ne. Katako ne siriri ya zagaye gefe huɗu, a tsakiya kwali ne mai kama da saƙar zuma ko 'yan sandunan katako jefi-jefi, sai wani guntun katako a wurin makulli, aka manna filawud gaba da baya. Sandar ƙasa a irin na kamfani sau da yawa ba ta wuce milimita 25 zuwa 40 ba. In ka cire 35, ko dai ka tafi da ita duka, ko ka bar ɗan sili da ba zai riƙe komai ba.

Kafin ka ja layi ka san faɗinta. Ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa daga ƙasa zuwa sama, inda ƙarar ta sauya daga daskararriya zuwa ta kogo, nan ta ƙare. In kana son tabbaci, huda ƙaramin rami ta ƙarƙashin ƙyaure, ka zura waya mai lanƙwasasshen kai, ka ja ta har ta kama bayan sandar, ka auna. In abin da zai rage bayan yanka ya kai milimita 15 zuwa 20, ba laifi. In bai kai ba, sai an mayar da sanda.

Abban_Sabuwar_Unguwa:
Usta, mayar da sandar fa, yaya ake yi? Sabon katako za a nema?

Usta_Filawud:
In ta fita ɗungurungum cikin guntun da ya faɗi, ita za ka mayar, don kaurinta daidai yake da kogon. Ka sa cizal ka ɓare filawud ɗin da ke manne gefenta biyu, ka kankare busasshen gam har katako ya fito fes. Ka yanke tsawonta daidai tsakanin sandunan gefe biyu. Sannan ka tura kwalin ciki sama da cizal gwargwadon faɗinta, ka kankare ragowar gam da ke jikin filawud ta ciki, domin ko ɗan tudu aka bari zai kumbura fuskar ƙyaure a gani daga nesa. Shafa farin gam irin Top Bond a fuska biyu da kawuna biyu, tura ta har bakinta ya yi daidai da bakin yanka. Ɗora falanki gaba da baya ka matse da kilam, wato ƙarfen matse katako, uku ko huɗu, falankin ne zai hana kilam huda filawud. Goge gam da ya tsattsafo da jiƙaƙƙen tsumma tun yana ɗanye. Kada a kwance kilam kafin awa biyu, kada a rataya sai washegari.

In zarto ya raba ta biyu, sai a fere sabon busasshen katako daidai kaurin kogon. A ƙyaure mai milimita 40 da filawud mai 3 ko 4 kowane gefe, kogon zai kama 32 zuwa 34, amma a auna, kada a ƙaddara. Ya shiga da turin hannu. Wanda sai da guduma zai shiga ya yi kauri, zai ɓalle filawud daga sandunan gefe.

Baba_Mai_Maɗaci:
Ku ƙara da wannan. In ƙyauren ba na kamfani ba ne, kafintocinmu na gida suka haɗa, to akwai ƙananan ƙusoshi a jikin filawud, an nutsa kawunansu an shafe da fenti. Haƙorin faifai ya haɗu da ƙusa, ko ya ɓalle ya yi tsalle, ko ya dakushe nan take. A samu maganaɗisun tsohuwar lasifika a bi layin yanka da shi gaba da baya. Inda ya kama, a tono ƙusar a cire.

Injiniya_Barhim:
Kan tambayar tsagewa. Faifan zarton hannu daga ƙasa yake cizowa zuwa sama: haƙori yana shiga ta fuskar da ke ƙasa, ya fito ta fuskar da ke kallonka. Inda ya shiga yankan yana fita tsaf, inda ya fito yana ɗaga zaren filawud ya tsage. Shi ya sa ake kifa fuskar da aka fi gani ƙasa. Amma ƙyaure fuska biyu gare shi, duka ana gani, saboda haka ta sama ma sai an kare ta.

Abu na farko faifai. Mai haƙora 24 na tsaga falanki ne a tsawonsa, ba na fuskar ƙyaure ba. A nemi mai 40 zuwa 60 mai bakin kabaid, wato ƙarfe mai tauri da ake liƙawa a kan haƙora, sabo ko wanda aka wasa. A duba ramin tsakiyarsa ya dace da sandar injin, wasu milimita 20 ne wasu 16 wasu 30, kuma in da zobe za a cike, a sa zoben da ya zo da faifan. Kibiyar da ke jikin faifai ta bi kibiyar da ke jikin murfin zarto.

Na biyu, a tsaga layin da wuƙa mai kaifi kafin zarto ya taɓa shi. A ɗora rula ta ƙarfe, a ja wuƙa sau uku ko huɗu, na farko a hankali, har ta ratsa fatar saman filawud. A zagayo da tsagar kan kaurin ƙyaure a gefen da faifai zai fita. Sannan zarto ya bi ta gefen guntun da za a yar, kamar rabin milimita zuwa ɗaya nesa da tsagar. Duk zaren da haƙori ya ɗaga, yana isa tsagar wuƙa zai karye a nan, ba zai haura cikin ƙyaure ba. Ɗan abin da ya saura samfefa ta share.

Ɗan_Rafindaɗi:
Salatif na takarda ba ya wadatarwa? A manna bisa layi, a ja fensir a kansa, a yanka. Ya fi sauri.

Injiniya_Barhim:
Yana ragewa, bai hanawa. Salatif danne zare yake yi, wuƙa kuwa yanke shi take tun kafin haƙori ya iso. Inda salatif ya fi amfani shi ne ƙarƙashin farantin zarto, wato shimfiɗaɗɗen ƙarfen da ke zama kan katako, ko kan hanyar da farantin zai bi, don kada ya karce fenti. In an manna shi a layi, a ɓare shi a hankali ana ja zuwa bakin yanka, ba zuwa cikin ƙyaure ba, in ba haka ba shi da kansa zai ɗago fatar.

Kafinta_Ƙofar_Ƙaura:
Duk wannan sai da jagora, wato miƙaƙƙen abin da zarto zai jingina ya bi. Babu hannun da zai bi layin milimita 900 da zarto a sake ya fito miƙe kamar na kamfani. Hanya mai sauƙi: ka cire filogi, ka auna daga haƙorin faifai zuwa bakin farantin zarto ta gefe mai faɗi. Kowane zarto da nasa, kada ka ɗauki na wani. Ka auna daga haƙorin da ya karkato wajen gefen, ba daga jikin faifai ba. Ka koma cikin ƙyaure da wannan awo daga layinka, ka ɗaure miƙaƙƙen falanki ko dogon lebur na alminiyam da kilam biyu. Ka gwada a wani guntun katako tukuna ka ga inda yankan ya faɗa.

Tunda biyar ne, ya fi kyau ka haɗa jagora ta musamman. Filawud mai milimita 9, tsawo 1,200, faɗi 300. A kansa ka manna wani siriri mai milimita 12, faɗi 80 zuwa 100, wanda gefensa ɗaya yankan kamfani ne, ka ƙara da gajerun sukuru. Ka bar faɗin da ya fi na farantin zartonka a gabansa. Sai ka jingina farantin da sirin, ka yanke rarar na ƙasan. Bakin da ya fito shi ne ainihin inda faifanka ke bi. Daga nan babu lissafi: ka ɗora bakin jagora kan layi, ka matse, ka yanka. Kuma tana danne fatar filawud a daidai bakin yanka, tsagewa ta ƙara raguwa, fenti ma bai karcewa. Jagorar ta zauna kan ɓangaren ƙyaure da za a ajiye, kaurin yankan faifai, wato milimita 2 zuwa 3, ya ci daga guntun da za a yar. In ka sauya faifai sai ka sake gyara bakinta.

Mai_Lebur_Daura:
A lura da kan kilam. Motar zarto tana leƙowa ta saman jagora, in kilam ya yi tsawo za ta tokare shi ana tsakiyar yanka. A juya hannun kilam ƙasa, kuma a tura zarto a kashe daga farko zuwa ƙarshe a ga babu abin da ya tare shi, har da wayar.

Malamin_Fasaha_KT:
Zurfin faifai fa ba a yi maganarsa ba. Ya wuce kaurin ƙyaure da kamar milimita 5, tsawon haƙori ɗaya ke nan. Da jagorar Oga Kafinta: 40 da 9 da 5, ya zama 54. Zarto mai faifai 185 yana kai 60 da 'yan kai a tsaye, don haka ya isa. A kuma ɗora sukwaya, ma'aunin kusurwa, tsakanin faranti da faifai, filogi a cire, a tabbatar digiri 90 ne. Alamar sifiri da ke jikin zarto tana yin ƙarya in ya taɓa faɗuwa.

Wasu kan yi yanka biyu. Na farko zurfin milimita 2 zuwa 3 kawai cikin ƙyaure, na biyu cikakke, jagora ba ta motsa ba. A yanka marar zurfi haƙori kusan a kwance yake fita, bai ɗaga zare sosai. Yana maye gurbin wuƙa in faifan mai kyau ne.

Ɗan_Rafindaɗi:
Akwai masu cewa a yi na farkon da baya-baya, a jawo zarto zuwa jiki. Wai ya fi fita tsaf.

Malamin_Fasaha_KT:
Ɗan'uwa kada a koya wa kowa wannan a nan. In ka ja zarto baya, juyin faifai da tafiyarka sun zama hanya ɗaya, sai ya hau katako ya rugo wajenka. Wuƙa ta ba da sakamako iri ɗaya ba tare da an sa cinya a gaban faifai ba.

Baba_Mai_Maɗaci:
Mu dawo kan biyun na katako zalla, Alhaji ya tambaya ba a ba shi amsa ba. Sandar ƙasa a ƙyaure mai fanel faɗi gare ta, galibi milimita 180 zuwa 220, cire 35 bai cutar da ita. Abin dubawa shi ne haɗin. Sandar tana shiga sandunan tsaye da harshe cikin rami, ko da turakun katako. Dubi kaurin ƙyaure ta gefe, in harshen ya ratso za ka ga kansa. Ka bar aƙalla milimita 20 na katako ƙarƙashin ramin. In ka yanka har cikin rami, haɗin ya buɗe, ƙyaure zai fara sunkuyawa ta gefen makulli.

Sannan a yanka ɗaya za ka ratsa katako iri biyu. Farko kan sandar tsaye, kana gicciye zare. Tsakiya kana bin zaren sandar ƙasa. Ƙarshe ka sake gicciye. A tsakiya ne zarto ke nauyi, musamman da faifai mai haƙora 60 cikin maɗaci ko loko, domin dusa ba ta samun wurin fita, sai katako ya ƙone ya yi baƙi. Ga waɗannan biyun mai 40 ya fi dacewa. A wurin fita kuma kusurwar sandar tsaye kan ɓalle. Ka matse guntun katako a jikin gefen, faifai ya wuce cikinsa, shi ya ɓalle a madadin ƙyaure. Ƙurar loko tana sa ƙaiƙayi da tari, a sa takunkumi.

Hajiya_Mai_Gini:
Sannunku da ƙoƙari. Wanda ke cije firam ta gefe fa, shi ma da zarto za a rage faɗinsa? Kuma ta wane gefe?

Baba_Mai_Maɗaci:
Hajiya, kafin a yanka a duba abu biyu. Na ɗaya sukurun hinjin sama. In sun saki, ƙyaure kan rinjaya ya cije a saman gefen makulli, alhali faɗinsa lafiya lau. A cusa tsinken katako da gam cikin ramin, a ɗaura sukuru mai tsawo. Na biyu lokaci. Katako a faɗi yake kumbura ya tsuke, a tsawo kusan bai motsi. Ƙyauren da ke cijewa a Agusta yana iya sakin jiki da kansa a Disamba. Ƙasarmu bushewarta ta fi ta kudu inda ake kawo katakon, wanda aka haɗa da ɗanyen katako zai yi ta tsukewa hunturu biyu. In aka rage shi da yawa cikin damina, da Janairu harshen makulli ba zai kai raminsa ba.

Kafinta_Ƙofar_Ƙaura:
In cizon bai wuce milimita 3 ba, aikin filen ne, wato abin fere katako, ba na zarto ba. A shafa alli a firam, a rufe, inda allin ya kama ƙyaure nan za a fere. In ya kai 6 zuwa sama, a cire ta gefen hinji. Gefen makulli an riga an huda ramin hannu da na mabuɗi da tazararsu daga baki, in ka rage nan akwatin makulli ba zai koma daidai da ramukan ba. Gefen hinji kuwa sake sassaƙa gurbinsu kawai za a yi da cizal, a wurin da suke.

Usta_Filawud:
Ni a nan na ɗan saɓa da Oga. Ƙyaure mai fanel in ka cire 10 ko 12 ta gefe ɗaya, sandar gefe ɗaya ta fi ɗayar siranta, ido yana gani. A raba: kaso mafi yawa a gefen hinji, milimita 2 ko 3 a gefen makulli, a ƙara nutsa farantin makullin. Dama gefen makulli yana son ɗan goce na digiri 2 zuwa 3 zuwa wajen da yake rufuwa, don kusurwar ta wuce firam ba ta goga ba.

Kafinta_Ƙofar_Ƙaura:
Gocen na yarda da shi. Amma in ka nutsa farantin makulli da 3, akwatin ya matsa ciki da 3, sandar hannu ta daina daidaita da raminta, sai an faɗaɗa. Ga wanda ba sana'arsa ba, gefen hinji ya fi aminci.

Walda_Ƙofar_Marusa:
Tunda firam na ƙarfe ne, a duba shi ma. Lokacin cika shi da siminti yakan kumburo ciki a tsakiya in ba a tokare shi da katako ba. A auna faɗin ƙofa sama, tsakiya da ƙasa. In tsakiya ta fi ƙunci, laifin firam ne, kuma wurin kawai za a fere.

Wani abu kuma da nike roƙo. Kada wanda bai da zarto ya ɗaura faifan katako a injin yankan ƙarfe na hannu. Ƙaramin mai faifai 115 yana juyi kusan 11,000 a minti, zarton katako kuwa wajen 5,000. Ba shi da faranti da zai zauna kan katako, ba shi da murfin da ke rufe haƙora da kansa. In ya cije, fizgewa yake daga hannu yana juyawa. Ƙyauren ƙarfe irin na waje kuma ba a rage shi da zarton katako ko kaɗan, wannan aikinmu ne, kuma sau da yawa sassare daɓen bakin ƙofa ya fi sauƙi.

Malamin_Fasaha_KT:
Allah ya saka, Oga Walda. Shimfiɗar ƙyaure ma tana cikin abin da ke hana zarto harbi. A kwantar da shi kan benci biyu ko teburi mai ƙarfi, a sa bargo ƙarƙashi saboda fenti, a matse shi kada ya zame. Ɓangaren da za a yanke ya leƙo waje kamar taƙi ɗaya, guntun ya faɗi da kansa. Kada a tallafe shi ta yadda yankan zai rufe ya matse faifai, matsewar nan ita ce ke tura zarto baya. Faɗin farantin ya zauna kan ƙyaure, ba kan guntun ba.

A kunna zarto faifai bai taɓa katako ba, ya kai cikakken gudu, sannan a shiga. Hannu biyu a kan zarto, jiki a gefe, ba a bayan layin faifai ba. Turi daidai, ba tsayawa. In ƙarar mota ta sauka, a rage turi. In dole a tsaya, a saki maɓalli, a riƙe zarto a wurin har faifai ya tsaya cak kafin a ɗaga. A yankan siriri murfin ƙasa yakan maƙale a bakin ƙyaure. A ɗaga shi da ɗan hannunsa a farkon shiga, a sake shi. Kada a ɗaure shi da waya ko a cusa masa weji. A naɗe hannun riga, babbar riga da rawani mai jela a tuɓe, a sa gilashin ido, yara su bar tsakar gida.

Injiniya_Barhim:
Wuta ma a duba. Irin wannan zarto yana cin wat 1,200 zuwa 1,400, kuma lokacin tashi yana jan fiye da haka. Ƙaramin janareton nan mai ƙasa da wat 1,000 ba zai ɗauke shi ba, a nemi mai 2.5kVA zuwa sama, a kashe firji da famfon ruwa. In wutar kamfanin lantarki na KEDCO ce ta zo da rauni, a jira. Zarto marar ƙarfi shi ke tsayawa cikin katako, ya ƙona bakin yanka, ya ƙona mota. Wayar jawo wuta kada kaurinta ya gaza 1.5mm², in nisa ya yi yawa 2.5mm², kuma a warware ta duka daga kan gangarta don kada ta yi zafi.

Abban_Sabuwar_Unguwa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. An gwada da waya kamar yadda Usta ya ce: sandar ƙasa a biyu milimita 30 ce, a na banɗaki 45. Abin cirewa ya kama 33, 36 da 40. Ke nan biyu sanda za ta fita duka, na banɗaki kuma 5 za ta rage. A bar biyar ɗin a ƙara wata a bayanta?

Usta_Filawud:
Ba ta yadda za ka zura wata a bayanta sai ka cire ta. Ka fasa silin da cizal daga tsakiya, ka ɓare shi a hankali kada filawud ya bi shi, ka sa sabuwar sanda mai faɗin 40 zuwa 50. Tunda banɗaki ne, katako mai ƙarfi, ba farin katako ba, kuma gam mai jure ruwa.

Baba_Mai_Maɗaci:
Kuma duka biyar ɗin kada a rataya su da ɗanyen baki. A kashe kaifin kusurwa da samfefa mai lamba 120 naɗe a guntun katako, ana gogawa daga fuska zuwa baki, ba a tayar da fatar ba. Sannan a shafa fenti mai mai ko banish sau biyu a ƙarƙashin, a ƙara a kan sandunan tsaye inda kan zare yake, nan ne ke zuƙar ruwa. Ƙyauren da ke ɓarewa daga ƙasa ruwan guga ne ya shiga ta bakin da ba a shafe ba. In fuskar ta garin katako ce da aka matse, ba filawud ba, ta fi saurin kumbura, kuma in ta kumbura ba ta komawa.

Ɗan_Rafindaɗi:
Na banɗakin nan da sai an sauya masa sanda ga ruwa kullum, anya ba gara a saye na roba ko alminiyam a huta ba?

Walda_Ƙofar_Marusa:
In za a sa na alminiyam, da firam ɗinsa yake zuwa, sai an cire na ƙarfen, an fasa tayil ɗin da aka gama shimfiɗawa a gindinsa. A gyara wanda ke akwai, a ba shi giɓin 15, a ɗaura masa siririn alminiyam a ƙasa ta ciki.

Kafinta_Ƙofar_Ƙaura:
Alhaji, in za a ba shi 15 kamar yadda Oga Walda ya ce, a sake lissafin 40 ɗin nan kafin a ja layi, don ban san da wane giɓi aka fitar da ita ba. Kuma a fara da ƙyauren da ya fi ɓuya a gidan, a rataya shi a buɗe a rufe a gani, kafin a taɓa na falo. A rubuta lamba a saman kowane ƙyaure da firam ɗinsa, a sa alamar ƙasa da salatif, domin ƙyaure marar fanel in an kwantar da shi sama da ƙasa kama suke yi.